Motar da ba ta tashi sai in na zauna

Tanti Latifa, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, na daɗe ban yi doguwar magana da kowa ba. Matsalar tawa ta mota ce, amma ba irin wadda ake kaiwa garaji ba ce, shi ya sa na kawo miki. Kar ki sa sunana. Shi maigidana ba na jin tsoron ya gani, don jarida a wurinsa abin goge gilashin mota ce, amma abokansa akwai masu karatu.

Mu mutanen wajen Madawa ne. Mun zo Yamai ina goyon fari, yanzu furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Maigidana direba ne, yana da wata tsohuwar bashe fara mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal. Da ita muka ci, da ita muka sha, da ita yara suka yi lakkwal, wato makarantar boko. Lokacin sanyi yakan ɗauko kayan lambu daga garaken bakin kogi a Yantala ya kai kasuwa, sauran watanni kuma ƴan Babbar Kasuwa su ba shi kaya ya rarraba musu cikin gari. Ƴaƴanmu biyu ne. Babban, wanda ba na faɗin sunansa, yana aiki a Agadas. Fati kuma tana aure a Maradi.

Ba zan yi wa mijina ƙarya ba, Tanti. Ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa barina da yunwa ba. Abin da ya ɓace a gidanmu magana ce. Kuma ba faɗa muka yi ba, da ma faɗa ne da na san inda zan ba da haƙuri. Lokacin da yara suke nan surutunsu ya cika gidan, ashe ta bakinsu muke magana ni da shi. Da suka watse sai muka tarar ba mu da abin ce wa juna. Ya fita bayan asuba, ya dawo bayan magariba, ya ci tuwo yana latsa salula, ya wuce fada shan shayi da abokai. A can, labari yake zuwa mini, shi ne mai ba mutane dariya har su riƙe ciki. A gida kuwa na haddace duk abin da zai faɗa: an gode, akwai ruwan zafi, rufe ƙofa.

Bara muka koma Talladje. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma yawancinsu Zabarmawa ne, ni kuwa Zabarmancina daga gaisuwar fofo sai cinikin tumatir. Mu gaisa ta kan katanga, kowa ta shige ɗakinta. Wata rana sai la'asar ta yi in tuna ban ji muryata ba tun safe, in yi gyaran murya don in tabbatar tana nan. Kaɗaici nake ji, Tanti, kaɗaici mai nauyi, ga miji a gida. In na kira Fati sai in ce mata lafiya lau, me zan ce wa yarinya da ke fama da nata gidan?

To, bana sanyi ya zo da ƙarfinsa, kin dai ji shi. Wata safiya ya murɗa makulli, mota ta yi shiru. Ko tari ba ta yi ba, fitilun tabulo ma da ke gaban direba ko ɗaya bai kama ba. Ya buɗe kapo, murfin inji, ya daki wancan, ya girgiza wannan, ba labari. Sai da hantsi ya yi, rana ta ɗumama ta, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Kafin ya isa Yantala ganyen salati ya yi laushi, matan garka sun kira shi har sun gaji. Washegari haka, bayan washegari ma haka.

Batiri ya fara zargi. Ya wanke kawunansa da ruwan zafi da kanwa, bai yi ba, ya sayo sabo, shi ma bai yi ba. Ya lulluɓe injin da bargona mai kauri, ni ina kwana da zane biyu. Ya sa kaskon garwashi a ƙarƙashinta har na ji tsoro. Ya kai ta wurin Mutari, mai gyaran wutar mota, amma kafin ya isa can rana ta fito, mota lafiyarta ƙalau, Mutari ya ce shi bai iya yi wa mai lafiya magani ba. Duk da haka aka canja bujin nan masu ɗumama inji, aka duba fizibil, wato fiyus, ɗaya bayan ɗaya, aka kwance demarer mai tayar da inji aka wanke aka mayar. Kowace safiya ina bakin madafa ina jin sa yana lallashin motar, yana ce mata haba, haba, da wata murya mai taushi da na manta yana da ita.

Ran nan yana son wani ya murɗa makulli shi kuma ya sa kai cikin inji ya saurara. Sanyi ya hana kowa fitowa, layi ba kowa, sai ya kira ni. Rabon da in zauna a gaban motar nan har na manta, balle kujerar direba. Ni gajeruwa ce, shi dogo, ƙafata ba ta kai abin da ya ce in taka ba, sai na jawo kujerar gaba har ƙarshenta. Na murɗa. Fitilun tabulo suka kama gaba ɗaya. Ya ce in jira wata ƴar rawaya mai kama da murɗaɗɗen zare ta mutu, sannan in ƙara murɗawa. Na yi yadda ya ce, mota ta tashi. Ya ɗauka wayar da ya taɓa a inji ce ta tashe ta, ya ɗaure ta da kyau ya tafi yana murna.

Kashegari ya gwada da kansa, shiru. Ya taɓa wayar jiya, shiru. Ya kira ni, na jawo kujera, na murɗa, ta tashi. Da abin ya sake faruwa sai ya tsaya riƙe da kapo yana kallona, ya fashe da dariya, irin dariyar da ake ba ni labari. Ya ce lalle hannuna akwai albarka, ya yi shekaru yana zaune da makullin mota a gida bai sani ba. Tun daga ranar, da ya dawo masallaci sai ya leƙo ɗaki ya kira ni, da sunana kuwa. In zauna in tashe ta, in ci gaba da zama tana ɗumi shi yana ɗaure igiyoyi da tampol, sannan in ba shi wuri. Da wata safiya ta mutu masa a Yantala kafin rana ta fito, sai ya ce daga yau in riƙa binsa kawai.

Tanti, ban san yadda zan kwatanta miki safiyoyin nan ba. Mu ratsa gari tituna ba kowa sai masu shara da masu tuyar fari masa, ya tsaya ya sayo mini mai zafi a takarda. Mu isa bakin kogi hazo na tashi daga ruwa, ƙanshin na'ana'a da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Matan garka suna kirana makulli, suna cusa mini karas da kabeji a zane, suna koya mini Zabarmanci suna dariyar bakina. Shi kuma a hanya sai magana. Ya nuna mini inda taya ta fashe masa ranar da aka haifi Fati, ya gaya mini wane ɗan kasuwa ne mai rowa, wane ne mai alkawari. Har ya tambaye ni ko ina ganin ya dace a je a nema wa babban namu aure bana. Ni ya tambaya. Sai na juya ina kallon taga don kar ya ga idona.

Ya kai labarin fada, ba shakka. Abokinsa Malam Shu'aibu ya aiko wai in zo in taɓa masa babur ɗinsa, shi ma ya gaji da turi. Ni kaina na fara yarda da albarkar nan, har ina yin bisimilla da ƙarfi kafin in murɗa.

Sai wata safiya zanena ya maƙale a kujera. Na murɗa makulli, fitilu sun kama, na janye ƙafa in gyara zane, sai suka mutu ɗif. Na mayar da ƙafa, suka dawo. Shi yana baya yana fama da igiya, na sake gwadawa a ɓoye, na kuma sakewa. A ƙarƙashin bolan, wato sitiyari, inda gwiwar direba take, akwai wani murfin roba da ya tsage, bayansa kuma tarin wayoyin wuta da wani abu da suke cusuwa a ciki. Da yake ina jawo kujera gaba, gwiwata ce ke danna murfin, murfin ya danna wayoyin. Shi kujerarsa tana can baya, gwiwarsa ba ta taɓa wurin. In na daɗe a zaune inji na aiki sai abin ya kama da kansa, shi ya sa ba ta mutuwa in na tashi. Ba albarka ba ce, Tanti, gajarta ce.

Na buɗe baki in kira shi, sai na tuno ɗakina da la'asar. Na rufe bakina. Na ce gobe zan faɗa, goben ta zo na ce jibi, yau ga shi an kwana biyu ana haka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, cikin satin nan na fara jin wani wari a gaban motar, kamar an ajiye bokitin roba kusa da murhu. Murfin nan yana ɗumi har ina jin sa ta cikin zane, jiya da na leƙa na ga gefensa ya yi baƙi-baƙi. Shi ma ya ji warin, ya tambaye ni, na ce ƙila maƙwabta ne ke ƙona shara. Wannan ƙaryar ita ta fi ci mini rai, don duk zamanmu ban taɓa kallon idonsa na yi masa irinta ba. Ga shi yana maganar sayen sabon demarer, ni kuwa na san lafiyar tsohon ƙalau.

Yanzu kuma ya samu aikin ɗauko albasa daga Galmi, bayan Juma'a mai zuwa. Tafiya ce ta kwanaki, kwana a hanya, tashi da asuba cikin sanyin daji. Ya ce za mu ƙarasa Madawa in ga yayata da rabona da ita tun rasuwar innarmu. Yana cin tuwo ya ajiye salula, ya dube ni ya ce, “Ki shirya kayanki, ba na tafiya ba tare da ke ba.” Na yi shekaru ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Da ta zo kuma na san ba da ni yake ba, da gwiwata yake.

Ki gaya mini gaskiya. In na faɗa masa, Mutari zai gyara cikin ɗan lokaci, mota ta tashi da kanta, ni in koma ɗaki in ci gaba da jin rufe ƙofa. In na yi shiru, ina tsoron warin nan. Ko zan iya jira sai mun dawo daga Galmi, in samu wannan tafiya ɗaya tak? Ko in aika wa Mutari a ɓoye ya gyara ba tare da an san ni na gano ba? In kuma faɗar ce, ta yaya zan faɗa wa mutumin da ya cika fada da labarin albarkar matarsa? Sanyin ma ya kusa wucewa, na sani, mutane suna ta murna, ni kaɗai ce a Yamai nake roƙon ya ƙara kwana. Shin ni macuciya ce?

Taki,
Matar direba, Talladje

*

Ƴar'uwata matar direba, wa alaikumus salam.

Na fara karanta wasiƙarki ina dariya, na ƙare ta ba na yi. Za mu yi maganar zuciyarki, amma bari mu fara da motar, don ita ce za ta iya kamawa da wuta.

Na kai bayaninki wurin wani mai gyaran wutar mota da na yarda da shi, ban ambaci unguwa ko suna ba. Tun ban gama ba ya gane. Ya ce mahaɗar wayoyin da ke bayan makulli ce ta saki. Da sanyi ƙarfe yana tsukewa, sai ƴar tazara ta shiga tsakani, kuran, wato wutar batiri, ya kasa wucewa. In rana ta fito ƙarfen ya saki jiki, sai ta haɗe. Gwiwarki tana haɗa ta da ƙarfi ne, kuran ya bi ta ƙuntataccen wuri, wurin ya yi zafi, zafin ya riƙe ta. Wato abin da ke sa ta kama bayan kin daɗe a zaune, shi ne dai ke narka robar. Warin da kike ji da baƙin da kika gani, ya ce, ba gargaɗin farko ba ne, na kusa da ƙarshe ne.

Saboda haka kar ki sake tashin motar nan da gwiwa, ko sau ɗaya. A cire kan batiri in za a kwana. Mutari ya zo gida da sassafe ya same ta cikin sanyinta, ba a kai masa ita da hantsi ba. Ya buɗe murfin ƙarƙashin bolan, ya canja mahaɗar da duk wayar da ta yi baƙi, ya kuma duba ko wani ya taɓa ɗaure fizibil da zaren waya a maimakon sabo. Aikin safiya ɗaya ne. Batun jira sai an dawo daga Galmi kuwa, amsata a'a ce, ba kuma zan sassauta ba. Doguwar hanya, ramuka suna girgiza wayar, tankin gazuwal cike, busassun buhuna a baya, ku biyu a gaba. Ba zan ba ki shawarar da za ta sa in riƙa sauraron labaran rediyo gabana na faɗuwa ba.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe. Ke ba macuciya ba ce. Ba ke kika lalata wayar ba, ba ke kika ƙirƙiro labarin albarka ba. Mace ce ke da ta daɗe cikin kaɗaici, ta samu ɗan sauƙi, ta kasa sakinsa, kuma duk wadda ta taɓa zama a gida shiru za ta fahimce ki. Amma ranar da ya tambaye ki wari kika ce shara ce, ranar kin tsallake layi, ke ma kin sani tunda kin ce ita ta fi ci miki rai. Ki dubi nasa ɓangaren. Motar nan ita ce sana'arsa da mutuncinsa a wurin matan garka da ƴan kasuwa. Ya sayi abin da ba ya bukata, yana shirin sayen wani, yana kwana da tunanin ciwon da ke kin san maganinsa. Yana da haƙƙin ya sani.

Akwai kuma abin da ban gani a wasiƙarki ba. Kin haddace kalmominsa na gida, to shi in aka ce ya lissafa naki, nawa zai samu? Ba laifi nake ɗora miki ba, shi ne ke da fada da abokai, ke ce aka bari da bango huɗu, nauyin ya fi yawa a kansa. Amma yaran da suka watse, shi ma nasa ne. Maza da yawa masu ba da dariya a waje, in sun shigo gida ba su san ta inda za su fara ba, sai su fake da salula. Ban ga inda kika ce kin taɓa zaunar da shi kin ce masa kina jin kaɗaici ba. Ƴarki ma lafiya lau kike ce mata.

Sannan ki yi tunani a kan wannan. Tashin mota aikin ɗan lokaci ne a ƙofar gida. Direban da ya tsufa a kan hanya ya san in yana tsoron ta mutu, sai ya bar inji yana aiki har a gama lodi, ba sai ya ɗauko matarsa ba. Sau ɗaya ta mutu masa, ya mayar da shi dalilin tafiya da ke kullum. Kuma babu wayar da ta ce ya tsaya ya saya miki abin karin kumallo, ko ya nemi ra'ayinki a kan auren ɗanku. Ba zan rantse miki a kan abin da ke zuciyarsa ba, ban san shi ba. Abin da na gani dai shi ne, ba ke kaɗai kika samu uzuri kika riƙe shi da hannu biyu ba.

Aika wa Mutari a ɓoye kuwa, ki cire shi daga ranki. Maganar garaji ba ta kwana, kafin magariba ta isa fada, mijinki ya ji ta a bakin wani. Ko da ba ta fita ba, kin gyara mota kin bar gidanki yadda yake.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe, in ya kira ki, ki fito ki zauna, amma kar ki murɗa. Ki ce ya zo ya duba, ki nuna masa murfin da baƙin da ke jikinsa, ki gaya masa yadda kika gano. Wannan rabin farko ne, kuma shi ne mai sauƙi. Rabi na biyu shi ne dalilin da ya sa kika yi shiru. Ki faɗa masa kai tsaye, ba da habaici ba, cewa kin ji tsoron in mota ta warke zai daina kiranki, kuma safiyoyin nan su ne mafi daɗin da kika yi cikin shekaru. Ki ba shi haƙuri a kan maganar shara. In kika faɗi na farko kika haɗiye na biyu, zai ɗauka wasa kika yi da hankalinsa. Abin da zai gaya wa Malam Shu'aibu da ƴan fada kuma ki bar masa, mutum mai iya ba da labari ba zai rasa yadda zai juya shi ba.

Zai iya yin fushi, yana da dalili. Ki ba shi yini ɗaya ko biyu, kar ki bi shi da kuka, kar kuma ki janye abin da kika faɗa. Zai yiwu kuma, ba zan ɓoye miki ba, bayan an gyara ya koma shirunsa. In haka ta faru ki sake rubuto mini, akwai manya na ɓangarensa da naki da za a iya sa su cikin maganar. Ko ma yaya ta kasance, matan Yantala ba motar suka so ba, ke suka so. Ki riƙe su, ki je musu ko a taksi ne, ki kawo Zabarmancin da suka koya miki ki gwada shi a kan maƙwabtanki. Ki gaya wa Fati gaskiya ko kaɗan ce. Kaɗaicin da ya kai naki ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗauke shi, ko da mijin kirki ne.

Kin ce kina son tafiya ɗaya tak. Ni ina so miki fiye da ɗaya, kuma hanyar da kike kai ba za ta ba ki ba, don ko wuta ba ta tashi ba zafi zai zo ya karɓe aikin daga gwiwarki. In Mutari ya gama, mota ta tashi a hannun maigidanki ba tare da taimakon kowa ba, ki ba shi dama ya maimaita gayyatar. In bai maimaita ba, kar ki koma ɗaki ki jira. Ki ce masa kina son zuwa, ba don mota ba, don kina son zama kusa da shi. Na san wannan ya fi miki wuya fiye da duk abin da na lissafa, tunda wannan karon in ya ce to, ke ya ce wa, in ya ce a'a ma ke ya ce wa. Amma amsar da zai ba ki a ranar ita ce kike nema tun kafin sanyi ya zo, kuma ba za ki taɓa jin ta ba sai motar ta warke.

Allah ya tsare ku daga wuta, ya sanyaya zuciyarsa in kin faɗa masa, ya ba ki ƙarfin faɗar rabi na biyu. Ina miki fatan in kun kama hanyar Galmi, ki zauna a kujerar gefe ki miƙe ƙafafunki, ba ki da aikin komai sai hira.

Tanti Latifa